Idan Mai Kamu Ya Zama Abin Ƙara

Da asubahin ranar 29 ga watan Oktoba na shekarar 1958, tun gari bai gama wayewa ba, 'yan sanda goma sha uku na birnin Shikago, a ƙasar Amurka, suka ɓalle ƙofar gidan wani baƙar fata mai suna James Monroe, suka tashe shi daga barci shi da matarsa, suka tsai da su tsirara a tsakiyar falo, 'ya'yansu shida suna kallo, sa'an nan suka bi ɗaki ɗaki suna zazzage akwatuna suna farke katifu, alhali kuwa babu ko guntuwar takardar waranti a hannun ɗayansu. Bisa ga abin da Monroe ya faɗa cikin takardar ƙararsa daga baya, shugaban tawagar, wani babban ɗan sandan ciki da ake kira Frank Pape, ya yi ta dukansa da tocila yana jifansa da irin zagin nan da fararen fata suka keɓe wa baƙaƙe, wasu kuwa suka ture matar, suka shuri yaran. Daga nan aka wuce da shi caji ofis, aka tsare shi awa goma ana yi masa tambayoyi a kan wani kisan kai da aka yi kwana biyu kafin nan. Ba a kai shi gaban alƙali ba ko da yake kotu a buɗe take, ba a bar shi ya kira lauya ko iyalinsa ba, da yamma kuma aka ce ya kama hanyar gida, ba tare da an tuhume shi da kome ba. Matar mamacin ce ta ce wasu baƙaƙe biyu suka kashe mata miji, amma ba a daɗe ba gaskiya ta yi halinta, aka gano ita ce da kwartonta suka ƙulla abin.

To, mutumin da aka yi wa haka, wa zai kai wa kuka? Idan ɓarawo ya haura gidanka ɗan sanda kake kira, amma idan ɗan sandan ne da kansa ya haura, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, sai ka rasa inda za ka dosa, gama mai ɗaukar ƙarar da wanda ake ƙara duk tuwonsu ɗaya miyarsu ɗaya. Monroe dai ya sami lauyoyi, su kuma suka tono wata tsohuwar doka ta shekarar 1871 wadda ƙura ta riga ta binne, suka kafa da'awarsu a kanta. Tarihin wannan doka nake so in bi da mai karatu, domin a cikinsa ake ganin wani abu da ba a cika lura da shi ba, watau yadda nassi ɗaya, wanda lafazinsa bai sauya wani sauyi na a zo a gani ba cikin shekara ɗari da hamsin, yake mutuwa ya farfaɗo ya sake suma, gwargwadon tawilin alƙalan kowane zamani.

Asalin maganar daga Ingila yake. A shekarar 1215 manyan hakiman ƙasar suka tilasta wa Sarki John ya buga hatiminsa a wata takardar alkawari da ake kira Magna Carta, wadda a cikinta aka ce ba za a kama ɗa ba, ko a ɗaure shi, sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Kuma ɗa aka ce, domin talakawan da ke ɗaure da gonakin iyayengijinsu ba su shiga lissafi ba. Alkawari a takarda kuwa ba ya buɗe ƙofar kurkuku, saboda haka a hankali alƙalan Ingila suka gina hanyoyi biyu da wanda aka zalunta zai bi ya nemi diyya. Ta farko ita ce ƙarar tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma mai sauƙi ce, gama abin da ke kan mudda'i kawai shi ne ya tabbatar an tsare shi, daga nan sai nauyin hujja ya koma kan wanda ya tsare, ya kawo izinin da ya dogara da shi. Ta biyu ita ce ƙarar wanda ya ƙulla maka sharri ya ja ka kotu don ƙeta, wannan kuwa an tsaurara ta da gangan. A shekarar 1698 Babban Alƙali Holt ya bayyana cewa cuta iri uku ce ke wajabta diyya a nan, ɓata mutunci, da taɓa jiki ta hanyar ɗauri, da asarar dukiya wajen kare kai. Alƙalan da suka biyo baya kuma suka daidaita sharuɗɗan, cewa lalle ne mai neman diyya ya nuna wanda yake ƙara shi ne ya tayar da shari'ar, kuma shari'ar ta ƙare ba a same shi da laifi ba, kuma ba a da wani dalili na hankali tun farko, kuma da mugun nufi aka yi. Hikimar tsaurarawar a fili take, domin da za a ci tarar duk wanda ya kai ƙara bai yi nasara ba, da babu mai kai ƙarar ɓarawo.

A nan ba zan iya wucewa ba sai na ambaci cewa malaman fiƙihunmu sun riga sun tattauna wannan mas'ala a babin da'awar tuhuma, kamar yadda mai karanta Tabsira ta Ibn Farhun zai gani. Sun kasa wanda ake tuhuma kashi uku, sananne da kirki, da sananne da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, suka haɗu a kan cewa na farkon ba a taɓa shi, sa'an nan suka saɓa a kan wanda ya tuhume shi. Imamu Malik da Ashhabu suka ce ba a ladabta mai da'awar sai in ya yi nufin cutarwa da aibatawa, Asbagu kuwa ya ce a ladabta shi ko ya yi nufi ko bai yi ba. Mai karatu ya riƙe wannan saɓani a zuciyarsa, tsakanin mai duban niyya da mai duban aiki, gama za mu sake cin karo da shi a Washinton.

Shari'ar da ta fi kowace nuna ƙarfin hanya ta farko ta faru ne a Landan a shekarar 1763, zamanin Sarki George na Uku. Wani ɗan majalisa mai kaifin alƙalami, John Wilkes, ya caccaki jawabin sarki a fitowa ta 45 ta jaridarsa, sai Lord Halifax, ɗaya daga cikin waziran sarki, ya ba da waranti wanda babu sunan kowa a ciki, aka ce wa 'yan saƙon sarki su nemo marubuta da maɗaba'a da masu sayarwa su kama duk wanda suka zarga. Cikin kwana uku suka kama mutum arba'in da tara. A cikinsu akwai wani ɗan ƙwadago a gidan buga takardu mai suna Huckle, wanda albashinsa bai wuce fam guda da 'yan kai a mako ba. Awa shida kawai aka tsare shi, kuma wanda ya tsare shi ya yi masa karamci, har da gasasshen naman sa da giya ya ba shi. Duk da haka Huckle ya kai ƙara, kuma 'yan juri, watau mutum goma sha biyun nan da ake tsamowa daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu su yanke gaskiya da yawan diyya, suka ba shi fam 300, ladan ƙwadagonsa na fiye da shekara biyar. Lauyoyin sarki suka ce wannan ai wuce gona da iri ne, a rage. Babban Alƙali Pratt ya ƙi, ya ce da cutar jiki kaɗai ake dubawa da fam ashirin ma ta isa, amma abin da 'yan juri suka gani shi ne wani mai mulki yana ɗora ikonsa a kan dukan talakawan sarki da takardar da ba ta da suna, kuma wannan ne suka yi wa farashi. Shi kansa Wilkes ya ci fam 1,000 a kan wani jami'i da ya jagoranci binciken gidansa, daga baya kuma ya ci fam 4,000 a kan Halifax.

Mutanen Amurka, waɗanda a lokacin suna ƙarƙashin Ingila kuma jami'an kwastan suna shiga musu gidaje da irin wannan takarda, sun bi labarin da kunnen basira, har suka raɗa wa garuruwa sunan Wilkes da na Pratt, wanda ya zama Lord Camden. Da suka sami 'yancin kai suka rubuta tsarin mulki, sai a shekarar 1791 suka ƙara masa gyare-gyare goma, na huɗunsu ya hana bincike da kamu marasa dalili, ya kuma shar'anta cewa waranti ba ya fita sai da rantsuwa da dalili mai ƙarfi da ambaton wurin da za a bincika da wanda za a kama. Sai dai tsarin mulkin bai faɗi abin da za a yi wa wanda ya saɓa ba, domin a wurinsu amsar sananniya ce, a kai shi kotun gari a matsayinsa na mutum kamar kowa, ya biya. Tsananin abin ya kai ga cewa a shekarar 1804 Kotun Ƙoli ta ɗora wa wani kyaftin na sojan ruwa, George Little, diyyar jirgin da ya kama bisa umarnin da ya fito daga fadar shugaban ƙasa, saboda umarnin ya saɓa wa doka. Daga baya majalisa ce ta biya masa. Wani abu kuma shi ne, Kotun Ƙoli ta yanke a 1833 cewa gyare-gyaren nan gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure, ba su shafi jihohi ba, alhali kusan duk kamun da ake yi a ƙasar jami'an jiha da na gunduma ne ke yinsa.

Wannan tsari yana tafiya muddin kotun gari tana da adalci ga mai ƙara, kuma bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1865 da 'yanta bayi wajen miliyan huɗu, aka ga inda ya gaza. An yi Gyara na Goma Sha Huɗu a 1868, wanda ya mai da 'yantattun bayi 'yan ƙasa ya kuma hana jihohi tauye ran kowa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba bisa shari'a ba, amma a jihohin Kudu sai ga ƙungiyar Ku Klux Klan tana bin dare tana ƙone makarantu, tana yi wa baƙaƙe bulala, tana kashe masu jefa ƙuri'a, kuma sau da yawa wanda ya rufe fuska da dare shi ne da rana ke zaune cikin 'yan juri, ko kuwa ɗan'uwansa ne ɗan sandan gunduma. A watan Maris na 1871 Shugaba Grant ya aika wa majalisa cewa abin ya fi ƙarfin hukumomin jihohi, ran 20 ga Afrilu kuma ya sa hannu a dokar da ake yi wa laƙabi da sunan ƙungiyar. Sashenta na farko gajere ne, kuma a lokacin ba shi ne ya fi jawo gardama ba: duk mutumin da ya fake da doka ko al'adar wata jiha ya tauye wa wani haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, to, wanda aka cuta yana da ikon ƙararsa a kotun tarayya. Da aka zo jera dokokin ƙasar cikin kundi ɗaya sai wannan sashe ya faɗa a lamba ta 1983, kuma da wannan lamba lauyoyi ke kiransa har yau, abin da kan sa baƙo ya zaci shekara ce.

Ba a jima ba dokar ta kwanta barci. Kotun Ƙoli ta ƙuntata ma'anar Gyara na Goma Sha Huɗu tun a 1873, aka janye sojojin tarayya daga sha'anin mulkin Kudu a 1877, aka soke wani sashe na dokar da ya shafi hukunta masu haɗa baki a 1883, kuma masu bincike sun ƙidaya shari'u ashirin da ɗaya kacal da aka yanke a ƙarƙashin sashen farkon nan cikin shekara hamsin ɗinsa na fari, a daidai zamanin da ake rataye baƙaƙe a bainar jama'a ana ɗaukar hoto. Abin da ya shaƙe ta wata hila ce ta tawili wadda ko gwanin mantiƙi sai ya jinjina mata. Aka ce dokar tana magana ne a kan wanda ya fake da dokar jiha. To, ɗan sandan da ya fasa gida ba waranti ai dokar jiharsa ma ta hana shi, saboda haka bai fake da ita ba, saɓa mata ya yi, sai mai ƙara ya koma kotun jiha. Kotun jihar kuwa ita ce tun farko aka yi dokar domin a kauce mata.

Da wannan hujja kotunan tarayya biyu na ƙasa ba su ga abin kamawa a ƙarar Monroe ba, suka kore ta, har ta isa Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 20 ga Fabrairu 1961. Alƙali William Douglas, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya koma ya karanta muhawarar 'yan majalisa ta 1871, ya fitar da cewa kukansu a lokacin shi ne dokoki masu kyau suna nan a rubuce amma ba a zartar da su ga kowa da kowa, saboda haka jami'in da ya yi amfani da ikon da rigar hukuma ta ba shi ya yi zalunci, ya fake da doka ke nan, ko dokar ta yarje masa ko ta hana. Kuma ba dole ba ne wanda aka cuta ya fara zuwa kotun jiha. Alƙali Felix Frankfurter ne kaɗai ya saɓa, kuma ba don ya raina abin da aka yi wa Monroe ba, gama shi ne ma ya fi kowa zayyana shi filla-filla. Tsoronsa shi ne kotunan tarayya za su zama masu sa ido a kan kowane caji ofis na ƙasar. Amma kotun ta ce hukumar birnin Shikago ba ta shiga cikin kalmar mutum ba, don haka ba a ƙararta. Aka mayar da shari'ar ƙasa, 'yan juri suka ba iyalin Monroe dala 13,000, alƙali ya rage ta koma 8,000. Mai karatu ya gwada wannan da fam 300 na Huckle, wanda aka ba gasasshen nama.

Kuɗin kaɗan ne, amma ƙofa ta buɗe, ƙararrakin haƙƙin ɗan ƙasa suka tashi daga 'yan ɗaruruwa a shekara zuwa dubbai masu yawa. A 1971 Kotun Ƙoli ta yarda a yi ƙarar jami'an tarayya ma kai tsaye bisa Gyara na Huɗu, a shari'ar Webster Bivens, wanda jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka sa wa ankwa a gaban matarsa da 'ya'yansa. A 1976 majalisa ta ce wanda ya yi nasara a biya masa kuɗin lauya. A 1978 kuma kotun ta janye maganarta ta da, ta ce ana iya ƙarar hukumar birni, amma fa sai in zaluncin ya fito daga manufarta ko al'adarta.

Sai dai tun ƙofar ba ta gama buɗuwa ba aka soma tura ta. A watan Satumba na 1961 wasu limaman coci goma sha biyar, farare da baƙaƙe, suka shiga ɗakin jiran fasinja na fararen fata a tashar mota ta birnin Jackson, jihar Misisifi, da niyyar karya al'adar wariya, aka kama su da sunan ta da zaune tsaye, alƙalin gari ya yanke musu wata huɗu da tarar dala 200 kowannensu. Da suka ɗaukaka ƙara tuhumar ta rushe, sai suka juyo suka yi ƙarar 'yan sandan da alƙalin. A 1967 Kotun Ƙoli ta ce alƙali ba a ƙararsa a kan hukuncinsa ko kaɗan, ɗan sanda kuma yana da mafita idan da kyakkyawar niyya ya yi kamun, yana zaton dokar da ya bi ingantacciya ce. Wannan shi ne mafarin abin da za mu kira rigar kariya, kuma a wannan mataki ana iya cewa kotun ta bi hanyar Malik da Ashhabu, ta dubi niyya, abin da hankali ba ya ƙi. Amma a 1982 sai ta bar duban niyya gaba ɗaya, saboda wai binciken zuciyar jami'i yana jawo doguwar shari'a, ta kafa wani ma'auni sabo, cewa jami'i ba ya biya sai in haƙƙin da ya taka tabbatacce ne a fili tun kafin ya taka shi. A aikace kuwa wannan ya koma neman wata tsohuwar shari'a mai kama da taka ƙwarai da gaske. A ganina nan ne aka kauce, gama wannan ma'auni bai dubi niyya ba balle a ce Malik, bai dubi aiki ba balle a ce Asbagu, abin da yake tambaya shi ne ko an taɓa yi wa wani irin wannan zalunci a wannan siffa har kotu ta rubuta. Tun 2009 kuma an ba alƙalai damar su kori ƙara da wannan dalili ba tare da sun faɗi ko abin da aka yi haram ne ba, ta yadda mai ƙara na gobe ma zai zo ya tarar babu misalin da zai yi kiyasi da shi. Kuma duk wanda ya karanta nassin 1871 ba zai ga an ambaci wata rigar kariya a ciki ba, abin da ya sa alƙalai masu nisan ra'ayi da juna kamar Clarence Thomas da Sonia Sotomayor duka suka nuna rashin gamsuwa da ita, kowa da nasa dalili.

Mai gabatar da ƙara na gwamnati kuwa rigarsa ta fi ta ɗan sanda kauri, domin tun 1976 aka ce ba a ƙararsa a kan abin da ya yi wajen gabatar da shari'a, ko da ya ɓoye hujja da saninsa. Labarin John Thompson na birnin New Orleans ya isa misali. Ya shekara goma sha takwas a kurkuku, goma sha huɗu daga ciki yana jiran hauni, sai a 1999, saura 'yan makonni a kashe shi, wani mai bincike da lauyoyinsa suka ɗauka ya tono takardar gwajin jini wadda masu gabatar da ƙara suka danne, mai nuna cewa, a wata tuhumar fashi da aka yi masa, jinin ɗan fashin da aka ce shi ne ba irin nasa ba ne. Aka sake shari'ar kisan kai da aka ɗaure shi a kanta, 'yan juri suka wanke shi a 2003. Tun da ba shi da hanyar ƙarar mutanen da suka ɓoye takardar, sai ya yi ƙarar ofishinsu, 'yan juri suka ba shi dala miliyan goma sha huɗu, miliyan guda a kan kowace shekara ta jiran mutuwa. A watan Maris na 2011 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke diyyar, ta ce aukuwa ɗaya ba ta isa ta tabbatar ofishin ya yi sakaci da gangan wajen horar da ma'aikatansa ba. Thompson ya rasu a 2017.

Hujjar da aka fi kafawa wajen kare rigar ita ce kada tsoron talaucewa ya hana ɗan sanda aikinsa. Wata malamar shari'a ta Jami'ar Kalifoniya, Joanna Schwartz, ta bi diddigin wannan a garuruwa da yawa tsakanin 2006 da 2011, ta tarar cewa cikin kowace dala dubu goma da aka biya masu ƙara, wajen dala biyu ne kawai suka fito daga aljihun 'yan sandan, sauran duk baitulmalin gari ne ya biya. Haka dala miliyan 41 da birnin Niyok ya amince a 2014 zai ba wasu samari biyar da aka ɗaure bisa kuskure a kan fyaɗen da aka yi a babban lambun birnin a 1989, kuɗin masu biyan haraji ne. Ɗaya daga cikin samarin, Yusef Salaam, an zaɓe shi ɗan majalisar birnin a 2023.

Ba kullum ake tura ƙofar ba, wani lokaci akan sassauta. A watan Janairu na 2014 wata 'yar'uwar matar wani mutumin Niyok mai suna Larry Thompson, wadda ke da raunin fahimta, ta buga waya ta ce yana cutar da jaririyarsa 'yar mako guda. 'Yan sanda huɗu suka zo da dare, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba za su shiga ba sai da waranti, suka danne shi suka sa masa ankwa; likitoci suka duba yarinyar suka ce jan da aka gani a jikinta ƙurajen ƙunzugu ne kawai. Duk da haka aka tsare shi kwana biyu, aka tuhume shi da hana jami'i aiki da ƙin kamu, bayan wata uku kuma aka janye tuhumar ba tare da an faɗi dalili ba. Da ya yi ƙara sai aka ce masa sharaɗin nan na da, cewa shari'a ta ƙare a gefenka, bai cika ba, sai ya kawo abin da ke nuna an wanke shi. Shi kuwa ina zai samo, tun da mai gabatar da ƙara shiru ya yi? Ma'anar wannan ita ce, tuhumar da ta fi kowace rauni, wadda ba ta ko isa a saurare ta ba, ita ce ta fi tsira daga ƙara. Ran 4 ga Afrilu 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen shida a kan uku, ta ce ya wadatar mutum ya nuna shari'ar ta ƙare ba a same shi da laifi ba, kuma hujjarta ita ce haka akasarin kotunan ƙasar suke yi a shekarar 1871.

Mu ma a Nijeriya mun gaji hanyoyin nan biyu na Ingila tare da sauran dokokin Turawa, kuma bayan rahoton kwamitin Willink na 1958 a kan fargabar ƙananan ƙabilu aka shigar da babin haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Ta fuskar nassi ma mun fi Amurka bayani, gama sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Dattawa ba su manta da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, wanda aka ɗauke a watan Janairu na 1980 aka tsallakar da shi Cadi wai shi ba ɗan ƙasa ba ne, babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne ta ba shi naira 350,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin ta rage kuɗin zuwa 50,000. Amma mai karatun da ya ci irin wannan shari'a ya sani cewa, in ya tashi karɓar diyyarsa daga kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, akwai wata doka tun ta zamanin Turawa da ta ce sai ya sami yardar Antoni Janar, watau babban lauyan gwamnatin da ya kayar a kotu.